Kafin ki sayi tayil da fenti: amsa ga Malamar da ke son ɗalibanta su ƙawata katanga

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Na ga tambayarki: kina koyar da zane a ƙaramar sakandare, kina da yara 120, shugaban makaranta ya ba ki katangar bakin ƙofa mai kallon titi, kina so kowane yaro ya yi tayil ɗinsa a jera su su zama adon unguwa. Kina tambayar irin tayil da fentin da za ki saya, da kuma dabarar da za a yi kada aikin ya fito a hargitse. Na ga wasu 'yan uwa sun ce ki sayi farin tayil irin na banɗaki da fentin mai ki raba wa yara. Don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna. Na daɗe ina irin wannan aiki da yara, kuma wannan hanyar ita ce ta fi saurin ba da kunya.

Fuskar tayil ɗin kanti gilashi ce, an gasa ta da wutar da ta haura digiri 1000. Fenti ba ya shiga jikinta, zama kawai yake yi a kai. Rana ta dake shi, dare ya yi sanyi, ruwan damina ya samu 'yar kafa ya shiga ƙarƙashi, shi ke nan sai ya fara tashi. Na ga wata makaranta da ta yi haka, aka yi bikin buɗewa cikin bazara har da kiɗa, kafin a kai ƙarshen Agusta yaran unguwa suna tsayawa suna ɓare zanen da farce don nishaɗi. Abin da kike gani a bidiyo daga Amurka ko Ingila ba fenti ba ne. Tayil ne da aka yi wa gashin farko, yara su zana da launin tangaran, a shafa masa ruwan sheƙi a mayar da shi tanderun lantarki, launin ya narke ya zama jiki ɗaya da tayil ɗin. In ba ki da wannan tanderu, kada ki kwaikwayi rabin aikin. Idan dole sai tayil ɗin kanti, to a cikin aji ko ɗakin karatu za a liƙa shi, a goge fuskar da samfefa ko a juya a zana a bayansa inda babu santsi. Kuma ki guji fentin mai, domin wasunsu, musamman ja da rawaya, akwai dalma a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba mu da uzurin sakaci da wannan.

Je ki tsaya gaban katangar nan ki duba ina ta dosa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan dā suka fi ba bangon gabas kulawa, don shi ruwa ke duka kai tsaye. Bangon yamma kuma ranar la'asar ce ke gasa shi. In katangarki na kallon kudu ko arewa kin yi sa'a. In ba haka ba, ki sa a yi mata 'yar rumfar kwano a sama, ko da taku ɗaya ce ta fito. Ki ƙwanƙwasa filastar da ɗan dutse, duk inda ya yi ƙarar fanko a kankare a sake. Kada layin farko ya yi ƙasa da mita ɗaya daga ƙasa. Gindin katanga shi ke shan danshi da gishiri, nan awaki ke soshe jikinsu, nan ruwa ke fantsamo taɓo, ban da masu tsugunnon da rubutun gargaɗi bai taɓa hanawa ba.

Lissafin fili ba wuya. In kowane tayil santimita 15 ne ta kowane gefe, aka bar santimita 1 tsakaninsu, aka jera 12 a kwance 10 a tsaye, kina bukatar kusan santimita 192 a faɗi da 160 a tsayi. Ki ƙara layi ɗaya na kewaye, zan gaya miki amfaninsa.

Ni yumɓu nake ba da shawara, in dai akwai maginan tukwane kusa da ku, kuma da wuya a rasa. Arha gare shi, yara suna son taɓa shi, kuma zanen a jikinsa yake, ba abin da zai ɓare. Za ki karanta a intanet cewa jan yumɓu ba ya jure waje. Wannan gargaɗin na ƙasashen ƙanƙara ne, inda ruwa ke shiga jikinsa ya daskare ya fasa shi. Mu ba mu da wannan matsalar. Abin da zai same shi a nan bai wuce 'yar gansakuka da damina ba, buroshi da ruwa sun ishe ta.

Sai dai shimfiɗaɗɗen abu ya fi tukunya rigima. Tukunya zagayenta ne ke riƙe ta, shi kuwa tayil yana son lanƙwashewa, gefe ya riga tsakiya bushewa ya tsage. Maganinsa tsingaro: a daka fasassun tukwane a turmi, a tankaɗe, a cuɗa da yumɓun, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Maginan tukwane sun san wannan tun kafin a haife mu, ki bar musu haɗin, kada ki je da takarda kina koya musu. Abin da za ki roƙa kawai a tankaɗe da kyau, domin ɗan ƙanƙanen dutsen farar ƙasa in ya maƙale a ciki, bayan gashi yakan sha danshi ya kumbura ya ɓalle fuskar tayil ɗin. Kafin yara su taɓa komai, ki yi tayil biyar ko shida na gwaji, ki ja layi mai santimita 10 a jikin kowanne, a busar, a gasa, ki sake aunawa. Yumɓu na motsewa, sau da yawa wajen kashi 10 cikin 100, amma kowace ƙasa da halinta. Abin da layin nan ya nuna miki da shi za ki san girman da za ki yanka. In ya dawo 9, to ki yanka 16 da rabi don ki samu 15.

Wajen shimfiɗawa, a baza buhu a kan tebur, a ajiye katako biyu masu kaurin santimita 1 da rabi hagu da dama, a sa curin yumɓu a tsakiya a murje da guntun fayif. Katakan nan su ke sa kaurin kowa ya zo ɗaya. A yanka da kwali ɗaya tak wanda kika auna da kanki, kada kowane yaro ya zo da rularsa. A juya bayan a ja layuka da ƙusa don siminti ya samu wurin kamawa, a rubuta lambar yaron a nan. Bushewa kuma a inuwa, tsakanin allunan katako, a lulluɓe da leda kwanakin farko, ana juyawa kullum. Iskar hunturu in ta same shi tsirara, dare ɗaya ta gama da shi. Mako biyu zuwa uku ba su yi yawa ba. In kina shakka, ki ɗora shi a kumatunki, in kin ji sanyi akwai sauran ruwa, kuma ruwan nan ne ke zama tururi ya fasa shi a wuta. Ki yi 135 ko 140 maimakon 120, ban da na layin kewaye, don dole wasu su fashe. Lokacin da na ga ya fi dacewa shi ne a gina bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba ko Nuwamba, a gasa lokacin sanyi, a liƙa kafin hadarin farko.

In kina kusa da Zariya, ki tuntuɓi ɓangaren tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello, ko sashen zane na kwalejin ilimi mafi kusa da ku, ko masu tukwanen Ushafa da Bwari in kina wajen Abuja. Gashin tanderu ya fi na fili ƙarfi, don wutar fili ba ta cika wuce digiri 800 ba. Amma gashin fili ma ya wadatar, kuma yana da wani kyau da tanderu ba ya bayarwa. Inda harshen wuta ya lasa da inda hayaƙi ya kwanta kowanne da launinsa.

In babu magini ko kusa, siminti ma yana yi. Awo ɗaya na siminti, biyu ko uku na lallausan yashi, a zuba a firam ɗin katako da aka shafa wa mai, kauri santimita 2, a riƙa yayyafa masa ruwa mako guda. Garin kala irin wanda ake sa wa daɓe, ja da rawaya da baƙi, ba ya kodewa a rana, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na simintin. Matsalarsa biyu: yana cin hannu, kuma ba ya jiran yaro ya gama tunani. Dabarar ita ce yaro ya yi zanensa a kan laka, a kafa firam a kai, babba ya zuba simintin. Ki tuna komai zai fito a juye, abin da aka ƙwaƙule zai taso, rubutu kuma zai koma baibai.

Yanzu ga abin da ya fi damunki, wato hargitsi. Malamai da yawa in tsoron nan ya kama su sai su zana babban hoto da kansu, su yanka shi gida-gida, kowane yaro a ba shi gidansa ya cike. Aikin zai fito tsaf, amma na malami ne, an dai ari hannun yara. Yaron da aka ba kusurwar sama ya shafe ta da launi ɗaya, me zai nuna wa mahaifiyarsa? Ni abin da nake yi, ina ɗaure abu uku in saki sauran. Girma ɗaya ne. Kowa ya bar gefe mai faɗin yatsa ba zane. Launi kuma uku kacal: jan yumɓu, fari da baƙi. Bayan wannan, abin da ke cikin gidan na yaro ne, ba ruwana ba ruwan shugaban makaranta. Ido in ya hango daga tsallaken titi girma da launi yake fara gani, su ne ke haɗa aikin. Sai mutum ya matso zai ga ashe ba biyu da suka yi kama.

Baƙin ba fenti ba ne. In an kwashe tayil daga wuta da zafinsa aka binne shi cikin ƙaiƙayi ko dusar katako, hayaƙi ne ke rina shi. Masu tukwane kuma kan yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a kan abin da ya fito da zafi, ya ba shi duhu da ɗan sheƙi. Farin kuwa farin yumɓu ne, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a dama shi da ruwa a shafa tun tayil ɗin na da danshi, ya ɗan sha iska, yaro ya karce da tsinke jan da ke ƙasa ya bayyana. Ki gwada wannan a tayil ɗin gwaji, domin in motsewarsu ba ta zo ɗaya ba farin kan tashi, sai an sirka shi da ɗan jan yumɓun. Kuma duk adon nan da ɗanyensa ake yi, tun ran gini tun ran zane. Ki sa kowane yaro ya gama shawara a takarda mai girman tayil ɗin kafin ranar.

Da ja da baƙi a hannunki, kina iya tsara jerin ya ba da wata babbar siffa daga nesa. Na san za a ce a yi dagin Arewa, kullum shi ake fara faɗa. Gida 12 da 10 sun yi masa kaɗan, lanƙwasarsa ba za ta fito ba, kuma gaskiya ya cika ko'ina. Ki duba tsinin aska da ke gaban babbar riga, ko hawa da saukar zanen faifai. Waɗannan suna zama daram a kan jeri.

Kada ki ce wa yara "kowa ya zana abin da yake so". In kin faɗi haka za ki tashi da tuta talatin, tambarin ƙungiyoyin ƙwallon Turai arba'in, sauran kuma zuciya da mota. Ba rashin basira ba ne, yaro yana zana abin da yake zaton shi ake kira zane. Aikin gida nake ba su: wace sana'a ake yi a gidanku, me kakarka ba ta rabuwa da shi, me kake fara ji da asuba a layinku, sannan kowa ya zo da abu ɗaya daga gida wanda zai shiga aljihu. Akwai wani yaro da ba ya magana a aji, kullum yana can baya, takardarsa fara fat, ya ce shi bai iya zane ba. Mahaifinsa mai faci ne a bakin tasha. Ranar yumɓu sai ya zaro guntun tsohuwar tayar babur daga aljihu, ya danna ta a kusurwa, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon sawun. Ya juya ta ya sake dannawa, ya sake, har sawun ya zagaye gidan, sannan ya sa bakin bawul ya yi ɗigo a tsakiya. Kafin a tashi yara sun yi layi suna roƙon aron tayar. Wata yarinya kuma mashacin kakarta ta kawo, wato matajin katako, ta ja shi a kan farin ya fitar da layuka irin na kitso, ta ce shuku ne. Da na ba su hoton da na yanka gida-gida, duk wannan ba zai fito ba.

Don a buɗe musu ido, ki sa su fito da takardar naira 20 su juya bayanta. Matar da ke gina tukunya a nan Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Adon tukwanenta karce ne da danne, irin wanda za su yi. In da hali ki kai su su ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko Gidan Makama a Kano, ko su ga hotunan gidajen unguwar Birni a Damagaram, da cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A tsofaffin gidajen Zariya za su ga magina sun fitar da keke da takobi da agogo a fuskar zaure. Mai gida ne ke nuna wa mai wucewa ko shi wane ne, kuma abin da kike nema daga yaran ke nan.

Wannan ya kawo ni kan maganar da gara ki yi ta tun yanzu da a yi miki ita daga baya. Wasu iyaye ba za su so surar mutum ko dabba a bango ba, balle mai tudu. Ba sai an yi jayayya ba. Ki ce kayan aiki, tsirrai, gine-gine da zanen ado, kin rufe ƙofar rigima, kuma ba abin da aikin ya rasa. Mai son nuna kiwon gidansu ya yi ƙwaryar nono ko sandar kiwo. Yaran da suka saba ganin zayyanar allon sauka za su so kwaikwayon gidajenta da layukanta, wannan abu ne mai kyau, amma aya ko sunan Allah kada su hau katangar titi, inda ƙura da ƙazanta da hannun kowa ke kaiwa. Cikakken suna ma ban cika so ba, musamman na 'yan mata. Harafin farko a kusurwa ya isa, cikakken sunan ya zauna a littafinki tare da lambar.

Kuma Malama, ki riƙe hannunki. Za ki ga layi ya karkace ki ji kamar ki miƙe shi, kada ki taɓa. Za a zo a ce a zaɓi masu kyau a sa a tsakiya, marasa kyau a kai gefe ko a bar su a sito. Ki ƙi. Ni ƙuri'a nake sawa, ta masu ja daban ta masu baƙi daban, kowa inda lambarsa ta faɗa. Wanda nasa ya fashe a wuta, in gida biyu ne a haɗa shi a bango, siminti zai riƙe. In ya ruguje, a ba shi dama ya sake a gashi na biyu, kada a liƙa komai sai nasa ya fito.

Layin kewayen da na ce ki ƙara na mutanen unguwa ne. Katangar tana kallon titi, ƙarfe biyu kun tashi, hutu ya zo kun tafi, su ne ke nan. Ki sa shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai su je wa mai unguwa da liman tun kafin a fara, ba ranar buɗewa ba. A kai ɗanyen tayil majalisar dattawan da ke zama kusa, a ba mai shayi, a ba mai gadi, a aika cikin gidaje don mata su danna abin da suka ga dama, ko bakin ludayi ne ko zobe. Lokacin siyasa na zuwa, masu liƙa fasta da dare suke yawo da bokitin gam, kuma ba takardar gargaɗi ce ke hana su ba. Mai shayin da tambarin kofinsa ke jikin bangon shi zai daka musu tsawa.

Ranar liƙawa ki ɗauko mai sa tayil na gaske, wannan ba aikin yara ba ne. A fara shimfiɗa duka a ƙasa yadda za su zauna, ki ɗauki hoto da waya, a bi hoton. A jiƙa kowane tayil a ruwa kafin a ɗora, in ba haka ba zai zuƙe ruwan simintin ya ƙi kamawa. A ja igiya kowane layi, a fara daga ƙasa a kan katakon da aka kafa ya tare nauyi. Ki gaya masa tun farko cewa na hannu ne, ba za su zo daidai kamar na kwali ba, tazarar santimita 1 ɗin nan ita za ta shanye bambancin, don na ga mai tayil da ya ɗauko injin yanka zai daidaita gefuna. Cikon tsakani a yi shi da hankali, a goge da jiƙaƙƙen soso nan take, domin siminti in ya bushe cikin karcen yaro ba ya fita. Ragowar tayil ɗin da ba a yi wa zane ba ki adana su a ofis, ranar da wani ya ɓalle ko sabon ɗalibi ya zo za ki neme su.

In kin samu maginan, ki tambaye su ranar da suke gashi, ki kai na gwajin su shiga tare da tukwanensu. In sun fito ki turo mana hotonsu gaba da baya da awon layin nan, sai mu ga ko tsingaron ya isa.